Kaset ɗin Daddawa

Shekaranjiya maƙwabciyata ta buɗe kwandon daddawarta, warin ya tsallako katanga ya same ni ina shanya. 'Ya'yana suka toshe hanci suka ruga ɗaki suna ihu. Ni kuwa na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina shaƙa, har ruwan ya gangaro mini gwiwar hannu. Kai mai karatu, in kana cikin masu yamutsa fuska idan sun ji wannan wari, ka yi haƙuri da ni, ba za mu shirya ba. A cikin warin nan na koyi karatu, kuma ban ga wanda ya isa ya sa ni jin kunyar faɗi ba.

A Samaru ta Zariya aka haife ni, a wani gidan ƙasa can bayan kasuwa. Babanmu yana aiki a gonar gwaji ta jami'a, yana fita da sassafe ya dawo da jar ƙasa a takalmi. Mutum ne marar yawan magana, in ya yanke abu kuma ya yanke ke nan. Mamanmu tana da ƙaramin tebur na kayan miya a ƙofar gida. Amma mai gidan ta gaskiya Kaka ce, mahaifiyar Baba, wadda daddawarta ta yi suna daga Samaru har Hanwa. Sai Gwaggo, ƙanwar Baba, malama a makarantar firamare ta cocinmu da ke Sabon Gari. Saboda ita aka sa ni can, kowace safiya tana riƙe da hannuna mu shiga bas, in zauna a cinyarta, kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran fasinja.

Bari in gaya maka yadda ake koya mana karatu a farkon shekarun dubu biyu, don ka gane inda matsalar take. Malami zai tsaya gaban allo da bulala a hannu, ya karanta jimla da Turanci, mu kuma mu amsa baki ɗaya, da ƙarfi, har kwanon rufi ya ɗauka. Ya sake, mu sake. Ajin da ya fi ƙara shi ne ajin da ya fi ƙoƙari. Mu 'ya'yan malamai da manoma ne, da 'ya'yan Ibo masu sayar da kayan mota, da 'ya'yan Yarabawa masu ɗinki da ɗab'i, a waje duk Hausa muke yi da juna, amma da ka tsallake ƙofar aji ta zama laifi. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau biyu ya zauna. Na haddace littafin karatunmu daga bango zuwa bango, har na san inda ake juya shafi, don ina gane hoton da ke kai. In baƙi sun zo gida bayan sujada ranar Lahadi, Baba yakan kira ni in karanta musu, in zuba Turanci kamar famfo, su yi ta sa albarka.

Har na kai aji huɗu ban iya haɗa baƙi biyu su ba ni kalma ba. Ba ha'inci na yi ba, kada ka ce haka. Abin da aka ce in yi, shi na yi, kuma na fi kowa iya yin sa. An ce mu amsa, na amsa. An ce mu kwafi allo, na zana baƙaƙen kamar yadda ake zana tukunya ko kaza. Babu wanda ya taɓa nuna mini cewa zanen nan da sautin da ke fita a bakina abu ɗaya ne.

Asiri ya tonu ne a jarrabawar kafin Ista, da aka fara ba mu tambayoyi a rubuce, kowa ya karanta da kansa. Na zo ta ƙarshe. Baba ya daɗe yana duban sakamakon, bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Bayan kwana biyu Mama ta gaya mini, tana tsince alayyafo ba ta dube ni ba, cewa Baba ya yi magana da wata mai ɗinki 'yar cocinmu a layin teloli na kasuwar Sabon Gari. Zan ƙarasa zangon da ya rage, in an rufe makaranta da damina shi ke nan, sai keken ɗinki. Ban raina ɗinki ba, har yau ina girmama masu yin sa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an auna ni da ma'aunin da ban san da shi ba, an ce ba ni da komai.

A zangon nan ne malamar ajinmu ta tafi hutun haihuwa, aka ba Gwaggo ajin. Ita kuwa ba ta daɗe da dawowa daga wani kwas na malamai da ta yi a lokacin hutu ba, ta dawo kanta cike da sababbin dabaru, har sauran malamai suna yi mata dariya a bayan ido. Ranar farko ta kira ni gaban tebur, ta buɗe littafin a tsakiya, ta rufe hoton da tafin hannunta, ta ɗora yatsa kan kalma ɗaya. Na dubi kalmar, na dubi fuskarta. Ta sallame ni. Ta kira na gaba, ta kira na gaba. Kafin a tashi ta gano cewa ba ni kaɗai ba ce, mun kusa rabin aji, duk muna ɓoye a cikin hayaniyar 'yan uwanmu. A bas da muna komawa gida muna wuce Hanwa ta ce, “Ba ke kika faɗi ba. Mu ne.”

Ranar Asabar ta dawo daga Sabon Gari da wata tsohuwar rikoda da ta samo wurin wani Ibo mai gyaran rediyo. Baƙa ce, murfin kaset ɗin ya karye, sai an ɗaure shi da roba. Ta tattaro tsofaffin kaset-kaset na waƙoƙin zumuntar matan coci da na wa'azi da suka cika kwali a ɗakinta, ta cusa 'yar takarda a ramukan da ke samansu don su yarda a ɗora sabuwar magana a kai. Lokacin bazara ne, ɗorawa ta nuna, Kaka ta tara kalwa buhu-buhu daga wajen ƙauyen Zabi, babbar tukunyarta tana kan wuta tun asuba. Gwaggo ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da ita, ta danna maɓallin nan ja, ta ce, “Mama, gaya mana yadda ake daddawa, tun daga farko.”

Kaka ta harari abin. Ta ce ita ba ta magana da akwati. Amma ka san tsofaffi, da aka taɓo sana'arta sai baki ya buɗe. Ta faɗi yadda ake dafa kalwa har ta yi laushi, yadda ake zuba ta a turmi da toka a sussuke ɓawon, yadda ake wanke ta ruwa bayan ruwa, a sake dafawa, a juye a kwando a rufe da ganye a bar ta ta kwana ta kwana har ta yi. Tana yi tana zagin masu gaggawa, tana kiran sunan Allah, tana korar kaji. Da Gwaggo ta mayar da kaset baya ta kunna, Kaka ta ji kanta tana cewa “kai, tafi can” ga zakara, ta saki muciya ta riƙe baki. Ta ce, “Wace ce wannan tsohuwa mai faɗa haka?” Muka yi dariya har Mama ta baro teburinta ta leƙo.

Daga nan Gwaggo ta zauna da tsofaffin kalanda, ta juya bayansu fari, ta rubuta maganar Kaka da manyan baƙaƙe, kalma bayan kalma, yadda ta faɗe ta, har da korar zakaran. Ranar Litinin ta shiga aji da rikoda a jaka. Ta sa muka juya bencina muka fuskanci juna ƙungiya-ƙungiya, abin da ba a taɓa yi ba a makarantar. Ta ba kowace ƙungiya kalanda ɗaya. Ta kunna, muryar Kaka ta cika aji, mu kuma kowa ya ɗora yatsa yana bi. Can sai ka ji ƙas, ta tsayar. “Ina Kaka ta tsaya? Ku nuna mini.” Sai gardama ta kaure, wannan ya ce nan ne, wancan ya ce a'a, gaba kaɗan. Ta mayar baya, a sake ji. Rikoda ba ta gajiya, ba ta tsaki, ba ta da bulala. In ka ce ta maimaita sau ashirin za ta maimaita da murya ɗaya.

Ba zan manta ranar da abin ya buɗe mini ba. Kalmar kalwa ce. Kaka ta faɗe ta ba adadi, ni kuma na lura duk inda ta faɗe ta yatsana yana sauka kan zane iri ɗaya. Sai na ga farkonta ya yi kama da farkon kaza, ya yi kama da farkon kan wuta. Ashe abin da ake ɓoye mini ke nan shekara da shekaru, ashe baƙaƙen nan magana suke yi, kuma maganar kakata ce. Na yi ihu a tsakiyar aji, Gwaggo ba ta tsawata mini ba.

Bayan Kaka, sai ta fara aika rikodar gidajen yara. Wata Bayarabiya ta faɗi yadda ake rina zane, wani tsohon direban jirgin ƙasa ya ba da labarin tashar Zariya a zamaninsa, uwar wani yaro Ibo ta yi nata da Turancin kasuwa. Daga Hausa Gwaggo take ɗaukar mu ta tsallaka da mu Turanci a hankali, ta ce baƙin da ya yi aiki a nan shi ne zai yi a can. Sannan ta riƙa ɗaukar muryar kowane yaro yana karatu shi kaɗai, ta kunna masa ya ji inda ya yi tuntuɓe. Yaran da a da sai an jawo su da kunne suka koma zuwa da wuri. Wutar lantarki kuwa ka san halinta, sai ta ga dama, don haka da batir muke aiki. In ya yi sanyi mu jera shi kan kwanon ɗakin Kaka rana ta gasa shi, ya ɗan farfaɗo. Mayar da kaset baya kuma da biro ake yi, a zura a juya, don kada a cinye batir a banza.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu iyaye suka fara zuwa ofishin hedimasta suna cewa su Turanci suka kawo 'ya'yansu su koya, in Hausa ce ai akwai ta kyauta a titi. Malamin ajin da ke kusa da namu ya ce surutunmu ya hana shi aiki, alhali ihun ajinsa har bakin hanya ake ji. Hedimasta dattijo ne a ikilisiya, ba mugu ba ne, amma yana tsoron kwamitin makaranta fiye da yadda yake tsoron jahilci. Akwai ma wata kwamfuta da wasu baƙi suka ba makarantar, tana ofishinsa lulluɓe da farin leshi, ba a buɗe ta sai ranar taron iyaye a nuna musu a mayar. A wurinsa haka ake girmama na'ura. Ya kira Gwaggo ya ja mata kunne, ta ce ta ji, washegari ta shigo da rikodarta.

Sai ga kuskuren da ya ba su abin da suke nema. Akwai wani kaset na wa'azin wani babban fasto da hedimasta ya taɓa ara wa Gwaggo, ya shige cikin kwalin nan, babu rubutu a jikinsa. Shi ne kuwa wanda ta ɗora maganar daddawa a kai, daga tsakiya, ba ta sani ba. Da ya nemi abinsa don addu'ar safiyar Juma'a, ta kunna farkonsa ta ji muryar fasto, ta miƙa masa da rikodar gaba ɗaya. Muna tsaye layi-layi a fili, hannu a ƙirji, ido a rufe. Fasto yana cikin gargaɗi a kan ranar shari'a, murya tana hawa, yana tambayar mai zunubi me zai yi a ranar nan. Sai ƙas, sai muryar Kaka, tar da ita: “Sai ki zuba ta a turmi, ki sa toka, ki daka da ƙarfi. Kai, tafi can!”

Makaranta ta fashe. Yara suna faɗuwa ƙasa, malamai suna juya baya kafaɗunsu suna rawa. Hedimasta bai yi dariya ba. Ya ɗauke rikoda, ya aika aka kwaso duk kaset-kaset da kalandun da ke ajinmu, ya kulle su a durowarsa. Ya sa aka mayar da bencina suka fuskanci allo. Satin da ya biyo muka koma amsa-amsa, ni kuma na ji kamar an buɗe mini ƙofa na sa ƙafa ɗaya, an maido ta an datse. Ruwan farko ya riga ya sauka, masara ta fara tsiro a bayan gidaje, kowa ya san hutu ya kusa. Ni kaɗai a cikin yara na san abin da ke jirana a ƙarshensa.

Gwaggo ta je ta ba da haƙuri a kan kaset ɗin, don kuskurenta ne, amma ta ƙi ba da haƙuri a kan koyarwar. Aka ce to rikoda ta zauna. A gida ba ta faɗa wa kowa ba, ni ce na kasa cin tuwo, Kaka ta matsa mini har na fashe da kuka na gaya mata. Ta saurara har na gama. Ta ce, “Ƙawata, share hawayenki. Gobe tare za mu tafi boko.”

Da safe ta ɗaura zanenta na zumuntar mata, wanda ba ta sa shi sai ranar babban taro. Ta ɗauki kwandon daddawar da ta buɗe da daddare, sabuwa, mai ƙarfi, ta aza a ka. A bas fasinjoji suka yi ta leƙa kai ta taga, kwandasta ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi sau ɗaya ya haɗiye. Da muka isa ba ta nemi izinin kowa ba, ta shimfiɗa ɗankwali a bakin ƙofar ofishin hedimasta, ta zauna, ta ajiye kwando, ta yaye ganyen. Iskar damina tana kaɗawa daidai cikin ofis.

Ya fito da hankici a hanci. Ya rusuna ya gaishe ta, don ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma tare da mahaifiyarsa suka yi zumunta.

“Mama, lafiya? Nan makaranta ne, ba kasuwa ba.”

“Na sani, ɗan nan. Ni ma ba talla na kawo ba. Muryata na zo karɓa.”

Ya fara bayani a kan doka da kwamiti da abin da ya faru ranar Juma'a. Ta bar shi ya gama. Malamai sun riga sun fito bakin azuzuwa, mu kuma mun cika tagogi.

Ta ce, “Tun da maigidana ya koma ga Ubangiji ban taɓa kwana a ɗakin wani namiji ba. Sai kai, da na goya ka a coci kana majina, ka kulle ni a naka kwana da kwanaki. To ga ni na zo gaba ɗaya. Ko ka ba ni muryata in tafi, ko in zauna nan tare da ita.”

Wata malama ta ruga bayan aji tana riƙe da ciki. Hedimasta ya tsaya yana duban kwandon, yana duban tsohuwar da ta miƙe ƙafa ta fara gyara zama. Bai kai tsakar rana ba ya fito da rikoda da kaset-kaset da kalandu a kwali. Amma ya ce kada ya ƙara ganin su a harabar makaranta, kuma ya gaya wa Gwaggo a gaban kowa cewa in zango ya ƙare kwamiti zai duba zamanta. Gwaggo ta ce Allah ya kai mu. Kaka ta ɗebi daddawa ta ƙulle a ganye ta ajiye masa a kan tebur, ta ce a kai wa matarsa, ita ba ta zuwa gidan mutum hannu sake.

Daga ranar makarantata ta koma gindin murhun Kaka. Da mun dawo da yamma sai mu baje kalanda a kan tabarma a rumfar madafa, hayaƙi yana shiga ido, ruwa yana dukan kwano, kwanduna suna jere suna aikinsu a ƙarƙashin ganye. Yaran unguwa suka fara zuwa, har da waɗanda ba 'yan makarantarmu ba. Rana ta yi wuya, batir ya ƙi farfaɗowa, muryar Kaka a kaset takan ja ta yi kauri kamar ta namiji, sai ita da kanta ta karɓe daga inda ya mutu, ta ce ai mai abin tana nan da ranta.

Jarrabawar ƙarshen zango ta zo da Turanci kamar kullum. Na tashi daga ta ƙarshe, amma ban yi nisa ba. Wata Asabar da la'asar, ruwa ya ɗauke, Baba ya dawo daga gona ya same mu a rumfa, ya ce jibi Litinin zai kai ni wurin mai ɗinki. Gwaggo ta ce, “Yaya, yarinyar nan ta fara karatu. Ka saurare ta.” Ta miƙo mini kalanda, na karanta maganar kalwa tiryan-tiryan. Baba ya girgiza kai. Ya ce haka na riƙa yi masa a gaban baƙi shekara nawa, haddacewa ce, aku ma yana yi. Gaskiyarsa ce ta wani gefen, an taɓa ba shi kunya, ba ya son a sake.

Kaka tana juya tukunya ba ta waiwayo ba, ta ce, “To kai ba ka iya rubutun ba ne? Rubuta mata abin da ba ta taɓa ji ba.”

Aka ce in shiga ɗaki. Da aka kira ni na fito, na ga Baba tsaye da gawayi a hannu, ga layi biyu baƙi ƙirin a jikin bangon madafa. Ya rubuta abin da ke ransa ne, domin ya tabbata ba zan iya karantawa ba. Yaran unguwa suka taso suna leƙe. Na matsa kusa, na ɗora yatsa kamar yadda aka koya mini. Babu hoto, babu muryar da zan bi.

Kalmar farko ta ba ni wuya, na yi ta yanka ta gunduwa-gunduwa har ta fito: yarinyar. Nan. Ba. Ta. Da. Waɗannan duk na san su, Kaka ta faɗe su sau dubu. Kan, kamar kan wuta. Ta gaba ta fara kamar kalwa, na bi ta a hankali, ka, ra, tu. Sai da na kai ƙarshen layin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Yarinyar nan ba ta da kan karatu. Na ji Mama ta ja numfashi a bayana. Amma ban tsaya ba, na ce ko zan mutu sai na ƙarasa, na sauka layi na biyu: Litinin za ta fara ɗinki.

Na juyo na dubi Baba. Bai iya haɗa ido da ni ba, yana kallon baƙin da ke yatsunsa. Kaka ta ce, “An yi miki magana, ƙawata. Ba ki da amsa?” Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, ni da ban taɓa musa wa Baba ko da ido ba. Na tsuguna na zaro gawayi a bakin murhu, da sauran ɗuminsa, na yi ɗage a ƙarƙashin rubutunsa na rubuta kalmar da ta fi kowace sauƙi, da baƙaƙe karkatattu: A'a.

Babu wanda ya yi dariya, ko Kaka. Baba ya karanta amsata. Sannan ya ɗauki buta da tsumma, ya wanke layukansa biyu tas, ya goge har ƙasar bangon ta fito. Nawa bai taɓa ba. Ranar Litinin ya fita shi kaɗai zuwa Sabon Gari ya ba mai ɗinki haƙuri. Da ya dawo ya ajiye sababbin batura a kan tabarmar Kaka ya wuce ɗakinsa.

Gwaggo kam ta biya kuɗin taurin kanta, kwamiti bai sabunta mata aiki ba. Ta yi shekara tana koyar da yara a rumfar nan kafin ta sami wata makaranta a unguwar Jama'a, kuma ban taɓa jin ta ce da ta sani ba. Kaka ta rasu ina sakandare. Bangon madafa an rushe shi an yi na bulo, Samaru ta cika ta batse, yaran yanzu ba su san abin da biro yake yi a cikin kaset ba. Amma kaset ɗin yana wurina, na sa an juye mini shi a waya, da rabin wa'azin da komai.

Yau ni ma malama ce, kuma kada ka ɗauka an daina. Har yanzu akwai azuzuwan da ake auna ƙoƙari da ƙarfin ihu, akwai kwamfutocin da ke barci a ƙarƙashin leshi. Ina aika yara gida su ɗauko mini muryar kakanninsu a waya, mu rubuta, mu bi da yatsa, in tsayar in tambaye su inda aka tsaya. An riga an kira ni ofis a kan haka, an ce iyaye suna ƙorafi, an ce waya ba kayan aji ba ce. Na saurara da ladabi. Akwai wata yarinya a bencin baya da na lura bakinta yana riga idonta, ta iya littafin duka, ba ta taɓa duban shafin ba. Gobe zan zauna kusa da ita in rufe hoton da tafin hannuna. In an sake kira na aka ce in daina, amsata ba ta canja ba, tun ina aji huɗu na rubuta ta da gawayi, kuma mahaifina da kansa bai goge ta ba.